Gonar tuffa da farar fumfuna ta ci a shekarar da ba a yi ruwa ba

Gonar da wannan nazari ya shafa matsakaiciya ce, tana kan gangare mai samun rana, a yankin da ake sanyi har bishiyoyi su kakkaɓe ganye su shiga barci na wasu watanni. Tuffa iri huɗu ne a cikinta. Daga sama akwai layukan Jonathan, tsofaffin bishiyoyi masu duhun rassa waɗanda mai gonar ya gada. A tsakiya Idared ne, su suka fi yawa, su ne kuma ke riƙe da gonar wajen amfani. Daga ƙasa akwai Red Delicious, sai wani ɓangare da aka dasa 'yan Gala waɗanda ba su fara 'ya'ya sosai ba. Mai gonar dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Ɗansa ne ke tuƙa injin feshi, shi ne kuma ke rubuta abin da aka fesa da ranar da aka fesa a wani littafi da yake ajiyewa a ɗakin magani.

A shekarar da lamarin ya ɓaci, sanyin da ya gabata bai yi tsanani ba, kuma da ɗumi ya shigo sai ruwan sama ya ɗauke. Daga toho har zubar fure ba a yi wani ruwan kirki ba, sai rana mai daɗi da dare mai laima. Mai gonar ya yi murna, kuma yana da hujja. Babbar abokiyar gabar mai tuffa a yawancin wurare ita ce ƙazwa, cutar da fumfunar Venturia inaequalis ke haddasawa, mai sa baƙin tabo a ganye da 'ya'ya. Ita ba ta kama ganye sai ya jiƙe ya kuma daɗe a jiƙe. Tun 1944 da Mills, wani masanin cututtukan tsiro na Jami'ar Cornell a Amurka, ya fitar da jadawalin da ya haɗa sa'o'in jiƙar ganye da zafin gari, manoman tuffa suka saba da duban sama: in hadari ya haɗu a ɗauko injin feshi, in gari ya washe a huta. Da wannan dattijon ya tashi, ita kuma ya koya wa ɗansa.

Abin da aka gani

Kimanin mako uku bayan zubar fure suka nemi in je in duba. Kukansu shi ne Idared sun tsaya cak: sababbin rassa gajeru, ganye ƙanana sun nannaɗe, 'ya'ya ba su ƙulla daidai da yawan furen da aka gani ba. Dattijon ya ɗora laifin a kan fari da ƙarancin taki, har ya riga ya zuba ƙarin yuriya ya kuma ƙara ban ruwa. Ɗan kuwa yana zargin ƙurar hanya da darɓa.

Duk zargin ukun ana iya kawar da su da ido, ba sai an kai samfur ɗakin gwaji ba. Ƙura tana sauka a saman ganye, tsoho da sabo, tana kuma fin yawa a layukan bakin hanya. Darɓa tana nannaɗe ganye, gaskiya ne, amma in ka buɗe shi za ka tarar da ƙwarin a ciki da danƙon da suke bari. Akwai ma wata darɓa mai farin gashi da ke zama a raunin reshe, wadda in ka murje ta take barin ja a yatsa, ita ma ba ita ba ce. Maganar fari da taki kuwa, layukan Red Delicious ne suka ƙaryata ta. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, ga su nan kore shar, da kyar ka sami ganyen da ya taɓu.

Abin da ke kan Jonathan da Idared kashi biyu ne, kuma rarrabe su shi ne farkon fahimtar lamarin. Kashi na farko rassa ne da suka fito fari fat tun daga tushe har kai, kamar an watsa musu toka, ganyensu siriri, a tsaye, mai gautsi, wasu sun fara bushewa daga gefe. A kan irin waɗannan rassa har yanzu akwai ragowar fure da ya ƙanƙance, ya yi kore-kore, bai ƙulla komai ba. Kashi na biyu rassa ne masu lafiya waɗanda ganyensu na can ƙarshe, sababbin fitowa, suka sami ɗigo-ɗigon fari a ƙarƙashi, da tabo mai ɗan rawaya a sama daidai wurin, gefen ganyen kuma ya fara lanƙwashewa. A 'ya'yan Jonathan masu girman ɗan yatsa an fara ganin kaushi mai launin ƙasa, zane-zane a tsattsage, wanda zai girma tare da ɗan ya rage masa daraja ranar tsinka.

Wannan ita ce farar fumfunar tuffa, Podosphaera leucotricha. Kashi na farko ciwon bara ne da ya kwana a cikin idon toho. Kashi na biyu ciwon bana ne da na farkon ya haifar.

Littafin feshi

Da na faɗi sunan cutar, dattijon ya ce, "Malam, ai mun yi feshi. Ba mu taɓa sakaci da feshi a gonar nan ba." Ba ƙarya ya yi ba. Aka ɗauko littafin. An fesa mancozeb da toho ya fara kore, an fesa captan kafin fure lokacin da aka yi ɗan yayyafi, daga nan sai shafi ya zama wayam na fiye da mako uku, daidai lokacin fure da bayansa. Ɗan ya ce a hankali, "Baba, lokacin ne muka ce tunda ba ruwa mu dakata."

Matsala biyu ce ta haɗu a wannan shafi. Ta farko, magungunan da aka fesa na ƙazwa ne. Captan da mancozeb suna da kyau a aikinsu, amma ba su da wani tasirin kirki a kan farar fumfuna. Ko da an fesa su kowane mako, sakamakon ba zai bambanta sosai ba. Ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a ganina, domin ita ce ke maimaita kanta a gonaki da yawa: agogon da ake bi wajen feshin agogon wata cuta ce daban. Farar fumfuna ba ta jiran ruwa. Ƙwayoyin irinta suna tsirowa a kan busasshen ganye muddin iska na da laima, zafin gari kuma yana tsakanin digiri 10 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, ta fi jin daɗi a wajen 20 zuwa 22. Ruwan sama mai ƙarfi ma cutar da ita yake yi, yana wanke ƙwayoyin, ba sa kuma tsirowa da kyau a cikin ɗigon ruwa. Ranakun da mai gonar ya ɗauka na hutu su ne ranakun da cutar ta fi samun sarari.

Da muka koma shafukan shekarun baya sai abin ya ƙara fitowa fili. A shekarun ruwa, cikin magungunan ƙazwa da suke jujjuyawa akwai myclobutanil, wanda ke kashe cututtukan biyu. Wato sun daɗe suna danne farar fumfuna ba tare da sun san suna yi ba. Da ruwa ya ɗauke, suka ajiye wannan magani, sai murfin ya buɗe.

Yadda take rayuwa

Wannan fumfuna ba ta iya rayuwa sai a jikin tsiro mai rai. Ba ta kwana a ƙasa, ba ta kwana a busasshen ganyen da ya zuba, saɓanin ƙazwa da ke yin sanyinta a ganyen da ke ƙarƙashin bishiya. Don haka sharar ganye, wadda dattijon ke yi da himma kowace shekara, ba ta taɓa ta ko kaɗan. Mafakarta idon toho ne. A lokacin girma, zarenta yana shiga sabon ido tun yana ɗanye, cikin kusan wata ɗaya da samuwarsa, kafin ɓawonsa ya yi tauri ya rufe. A nan take zama har ɗumi ya dawo. Idon da ya kamu yakan makara wajen buɗewa da kwana biyar zuwa takwas, kuma wannan jinkiri yana yi wa cutar aiki: lokacin da farin reshen ya fito yana zubar da ƙwayoyi, lafiyayyun idanun da ke kewaye sun riga sun shimfiɗa sabon ganye mai laushi.

Ganyen tuffa yana kamuwa ne a 'yan kwanakin farko bayan buɗewarsa. In ya ƙosa ya yi kauri, ƙwayar ba ta iya huda shi. Daga saukar ƙwaya zuwa lokacin da sabon tabon zai fara zubar da nasa ƙwayoyin, kimanin mako ɗaya ne in yanayi ya dace. Ke nan muddin reshe na fitar da sabon ganye, cutar tana da abinci, in kuma ya daina girma ya rufe idonsa na ƙarshe, ta tsaya. Daga nan za a gane ɓarnar da ƙarin yuriya da ban ruwa suka yi. Niyya mai kyau ce, amma sun tsawaita lokacin fitar sabon ganye, suka ba cutar ƙarin makonni.

Sai maganar sanyi. Idon da ya kamu bai kai lafiyayye juriyar sanyi ba, domin ɓawonsa ba ya rufewa ruf. In sanyi ya kai wajen digiri 24 ƙasa da sifili, yawancin idanun da suka kamu suna mutuwa da fumfunar a cikinsu. Shekarar da sanyi ya yi sauƙi kuwa kusan duk suna tsira. Sanyi mai sauƙi, ɗumi mara ruwa, iri mai saurin kamuwa, da feshin da ba na cutar ba: abubuwa huɗun nan duk sun haɗu a gonar a shekara guda.

Abin da aka iya yi a shekarar

Dole aka gaya wa dattijon abin da ba ya son ji. Furen da ya lalace ya lalace. Kaushin da ke jikin 'ya'ya ba ya gogewa, domin yana samuwa ne tun daga lokacin da fure ke shirin buɗewa zuwa 'yan makonni bayan zubarsa. Duk abin da za a kashe daga yanzu, don amfanin baɗi ne, domin idanun da za su yi fure da ganye a shekara mai zuwa yanzu ake ƙulla su, yanzu kuma cutar ke shiga cikinsu.

Bai yarda nan take ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya riga ya ga asara a gabansa, a ce ya ƙara zuba kuɗi a kan abin da ba zai gani ba sai bayan shekara, abu ne mai nauyi. Aka tsaya a tsakiya. An dakatar da takin naitrojin a duk gonar, an mai da ban ruwa yadda yake. A layukan Idared da 'yan Gala an bi da almakashi an datse fararen rassan, aka kuma shiga feshi kowane kwana goma har rassa suka daina girma. Layukan Jonathan kuwa, saboda tsayinsu da duhunsu, ya ce a bar su, feshi ɗaya kawai suka samu. Ban so hakan ba, domin suna sama, iska kuma daga wajensu take gangarowa. Amma wannan shawara tasa ta ba mu abin kwatance a shekara ta gaba wanda babu bayanin da zai kai shi gamsarwa.

'Yan Gala ne na fi damuwa da su. Babbar bishiya tana iya asarar rassa ta murmure. Ƙaramar da ake gina wa siffa, in cutar ta kama kan reshenta na tsakiya, girman shekara guda ya tafi, siffar kuma ta karkace. Ƙananan bishiyoyi sun fi daɗewa suna fitar da sabon ganye, kuma su ne aka fi mantawa da su wajen feshi tunda ba su da 'ya'yan da za a kare.

Aikin lokacin sanyi

Da ganye ya zuba, cutar ta bar shaidarta a fili ga wanda ya san abin da yake nema. Reshen da ya kamu sosai yakan yi fari-fari mai ɗan ƙyalli, gajere, idanunsa sirara masu tsini, ɓawonsu a ɗan buɗe, ba su cika sun yi ɓul-ɓul irin na lafiyayyu ba. Aka nuna wa masu datsa wannan, aka ce duk inda suka gan shi su yanke har zuwa lafiyayyen ido. A Idared an kuma rage kan rassan da suka yi girma a makare, domin idon ƙarshe shi ne na baya wajen rufewa, shi ya fi yawan ɗaukar cutar.

Wannan aiki yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. Ba duk idon da ya kamu ne ake ganewa ba, musamman idanun fure da ke kan gajerun rassa. A babbar gona, datsar sanyi tana rage cutar ne, ba ta kawar da ita. Amfaninta na biyu shi ne buɗe cikin bishiya don haske da iska su ratsa, maganin feshi kuma ya isa inda ake so. A Jonathan an cire wasu manyan rassa da suka haɗe sama, amma da taka-tsantsan, domin datsa mai tsanani kan sa bishiya ta mai da martani da tsiro masu yawa masu laushi, abin da cutar ke nema ke nan.

Shekara ta biyu

Tsarin da aka shimfiɗa bai da wuyar faɗi. Feshin farar fumfuna zai bi girman bishiya, ba zai bi hadari ba. Za a fara tun furanni suna dunƙule kafin su nuna launi, a riƙa maimaitawa kowane kwana bakwai zuwa goma a lokacin da ganye ke fita da sauri, a ɗan tsawaita tazarar in girma ya lafa, a tsaya sa'ad da rassa suka rufe idon ƙarshe. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

An fara da farar wuta, tsohon maganin da ake amfani da shi a kan irin wannan cuta tun ƙarni na 19, wanda har yau ba a san fumfunar ta saba da shi ba. Kariya take yi a saman ganye, ba ta shiga ciki, ganyen da ya fito bayan feshi kuma ba shi da rabo a cikinta, shi ya sa tazararta gajera ce. Daga lokacin da fure ya nuna ja zuwa 'yan makonni bayan zubarsa, wato lokacin da 'ya'ya da sababbin idanu suka fi shiga haɗari, aka koma magunguna masu shiga jikin ganye. A nan aka yi wa ɗan bayanin lambar rukuni da ake bugawa a jikin kwalba ƙarƙashin tsarin FRAC, wanda ke rarraba magungunan fumfuna bisa yadda suke aiki. Myclobutanil da penconazole 'yan rukuni na 3 ne, trifloxystrobin na 11, fluxapyroxad da fluopyram na 7. Sauya sunan kamfani ba sauya magani ba ne in lambar ɗaya ce. Kowane ɗayan rukunan nan wuri guda yake bugu a jikin fumfunar, in aka nace masa sai masu juriya su yaɗu, kuma an riga an lura da raguwar ƙarfin rukuni na 3 a wasu yankunan noman tuffa. Ƙa'idar da aka kafa ita ce kada rukuni ɗaya ya wuce sau biyu a jere. Wanne aka halatta, sau nawa a shekara, da kwana nawa kafin tsinka, wannan ya danganta da dokar kowace ƙasa, kuma takardar jikin kwalba ce ke da magana ta ƙarshe. Lokacin fure an riƙa yin feshi da yamma bayan ƙudan zuma sun koma.

Kafin feshin farko an gwada injin. Aka maƙala 'yan takardun nan masu launin rawaya da ke komawa shuɗi in ruwa ya taɓa su, a sama da tsakiya da ƙasan bishiya, aka fesa ruwa zalla. A Idared sakamakon ya yi kyau. A Jonathan takardun sama sun dawo kusan yadda aka sa su. Shekara da shekaru ƙwanƙolin waɗannan bishiyoyi bai taɓa samun magani yadda ya kamata ba, a can ne kuma rassa masu saurin girma suke. An sauya bakunan feshin da suka cinye, an rage gudun tarakta, an juya wasu bakunan sama. Ya gyaru, amma bai kai yadda ake so ba.

Da toho ya buɗe, bambancin ya fito ƙarara. A Idared, inda aka yi feshi bara, fararen rassa jefi-jefi ne, mutum na iya bin layi ya tsince su. A Jonathan kuwa kowace bishiya da nata, wasu har ba sa ƙirguwa. Dattijon ya tsaya tsakanin layukan biyu ya duba nan ya duba can, bai ce komai ba, washegari shi da kansa ya fito da buhu da almakashi.

Wannan tsintar ita ce aikin da na fi ba muhimmanci a duk tsarin, ita ce kuma aka fi rainawa. Farin reshe guda yana zubar da ƙwayoyi na makonni, kuma babu maganin da ke warkar da shi sarai, domin cutar daga cikin ido ta fito tare da shi. Feshi yana kare lafiyayyen ganye ne, almakashi ne ke cire tushen. An bi layukan lokacin da fure ya nuna ja, aka sake bi bayan zubar fure don waɗanda suka makara. Ana yankewa a hankali a sa a buhu don kada a karkaɗe ƙurar a kan maƙwabta. In reshen ya bushe, fumfunar ta mutu tare da shi. Ga mai bishiya ɗaya ko biyu a gida, wannan aikin kaɗai, in aka yi shi a kan lokaci, yakan wadatar ba tare da wani feshi ba.

An kuma koya wa ɗan awo. Ya zaɓi wasu bishiyoyi a kowane iri ya ɗaura musu ƙyalle, kowane mako ya duba rassa goma a kan kowace, ya juya ganye biyar na ƙarshe ya ga ƙarƙashinsu, ya rubuta rassa nawa ne ke da sabon tabo. In lissafin ya hau, a matse tazarar feshi ko a koma magani mai ƙarfi. In ya sauka ya zauna ƙasa, a sassauta. Littafin da a da ranakun feshi kaɗai ke cikinsa, yanzu ya sami shafin da ke nuna ko feshin ya yi aiki.

Ba a gama shekarar lafiya lau ba. Da zafi ya shigo, an fesa farar wuta da safe a ranar da daga baya ta wuce digiri 30, gefen ganye ya ƙone a wasu layukan, wasu 'ya'yan da ke fuskantar rana suka yi tabo. Farar wuta ba ta shiri da zafi irin wannan, ba ta kuma shiri da man feshi in ba a bar kimanin mako biyu a tsakaninsu ba, sannan yawan ta yana rage ƙananan ƙwarin da ke cinye jan gizo-gizon ganye. Daga nan aka ajiye ta, aka riƙa cike gurbinta da potassium bicarbonate, wanda ke busar da fumfunar da ya taɓa amma ba ya barin kariya mai daɗewa.

Tuntuɓe na biyu ya fi koyarwa. A tsakiyar zafi, lissafin ɗan ya sauka ƙwarai, rassa sun rufe, aka tsai da feshi kamar yadda aka tsara. Sai dattijon ya sa aka yi wa Idared datsar lokacin zafi don 'ya'ya su sami rana su yi ja, aka kuwa yi ta da wuri kuma da nauyin hannu. Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa mai yawa. Bishiyoyin suka farka, suka fitar da sabon tsiro a bakin kowane yanka, farar fumfuna ta sauko daga layukan Jonathan ta hau su. Ɗan ne ya gano, domin bai daina awonsa ba ko da aka daina feshi. Aka yi ƙarin feshi biyu, aka kuma sa alama a layukan don a cire wannan tsiro na makare a datsar sanyi. Da an jinkirta datsar har girma ya mutu sosai, da ba a tayar da wannan tsiro ba.

Duk da haka, ranar tsinka Idared sun ba da amfani kusa da abin da aka saba, kaushin fata kaɗan ne. 'Yan Gala sun yi tsawo yadda ya kamata. Jonathan sun fi bara, amma har yanzu kashi mai yawa na 'ya'yansu ya faɗa cikin masu rahusa.

Maganar Jonathan

A shekara ta uku fararen rassa a Idared sun zama abin nema. An rage yawan feshi, aka dogara da awo, ba a sake komawa ga duban hadari kaɗai ba. Cutar da aka bari ta taru a cikin idanu ba ta sauka a shekara guda, kowace shekara tana gadon abin da ta baya ta bari, shi ya sa sai a ta uku aka ga cikakken sakamakon aikin da aka fara tun ta farko.

Layukan sama ne suka rage. Jonathan yana cikin irin da aka fi sani da saurin kamuwa, tare da Idared, Rome Beauty, Cortland da Cox's Orange Pippin, amma a wannan gona abin da ya ƙara masa shi ne tsayi da tsufa. Injin ba ya kai wa ƙwanƙolinsu, masu tsinta ba sa kai wa sai da tsani, kuma kowace shekara daga can cutar ke gangarowa. Shawarata ita ce a cire su a dasa iri mai juriya a kan gindi mai gajarta bishiya. Akwai irin da masu kiwon tsiro suka samar ta hanyar ɗauko juriya daga tuffar daji, irin su Malus robusta da Malus zumi, kodayake juriyar da ta dogara ga ƙwayar gado guda an ga fumfunar tana karya ta, don haka ko da su ba a ajiye awo.

Dattijon bai amince a tumɓuke su duka ba, bishiyoyin mahaifinsa ne, kuma yana da masu saye da ke neman wannan iri musamman. Abin da aka yi shi ne, layuka biyu mafi kusa da Idared an sare su a gindin manyan rassa aka yi musu aure da wani iri mara saurin kamuwa, don su zama tazara tsakanin ɓangarorin biyu. Sauran an shiga rage musu tsayi kaɗan-kaɗan cikin shekara uku, don kada a tayar da tsiro mai yawa lokaci guda, an kuma ware musu nasu tsarin feshi mai gajerar tazara. Sabon tsiron da ya fito daga wuraren auren shi ma mai laushi ne, mai daɗewa yana girma, saboda haka an sa shi cikin jerin bishiyoyin da ɗan ke dubawa kowane mako, tare da 'yan Gala.